Hazon da Ke Cikin Hoton CT, da Farashin Share Shi

A ranar 1 ga Oktoba, 1971, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, aka kwantar da wata mata a cikin na'urar da Godfrey Hounsfield, injiniya a kamfanin EMI, ya ƙera. Hoton ƙwaƙwalwarta bai wuce ɗigo 80 a tsaye da 80 a kwance ba, amma ya nuna wa likita James Ambrose ƙullutun da ake zargi ba tare da an tsaga kai ba.

Na'urar CT ba ta ɗaukar hoto kai tsaye. Tana harba hasken eksire ta kusurwoyi da dama, ta auna abin da ya ratsa jiki, sannan kwamfuta ta lissafo siffar abin da ke ciki. Sai dai hasken yana isowa ne ƙwaya-ƙwaya, kuma adadin ƙwayoyin yakan ɗan saɓa daga awo zuwa awo. Wannan saɓani ne ke bayyana a hoto kamar hazo. Ƙa'idarsa ba ta da sassauci: duk mai son rage hazon da rabi, sai ya ninka hasken sau huɗu, kuma jikin majinyaci ne zai sha shi.

Na'urar farko ta yi amfani da lissafin maimaici: kwamfuta ta yi hasashen hoto, ta kwatanta shi da awon, ta gyara, ta sake. Jinkirinsa ya sa aka jingine shi, aka koma wa hanyar tacewa da mayar da awon a zagaye ɗaya, wadda Larry Shepp da Benjamin Logan suka kyautata a 1974. Ga ta da sauri, amma matatarta tana ƙara wa hazon ƙarfi yayin da take fito da gefen gaɓoɓi. An haƙura da hakan fiye da shekara talatin.

Fargaba ce ta sauya lamarin. A 2007, David Brenner da Eric Hall suka yi gargaɗi a mujallar New England Journal of Medicine cewa yawaitar hoton CT na iya ƙara haɗarin cutar daji, musamman ga yara. A lokacin kwamfuta ta riga ta yi ƙarfi, sai kamfanoni suka waiwayi tsohon lissafin da aka yasar, suka koya masa yadda hazon yake domin ya danne shi. GE ya fitar da ASIR a 2008. A 2019 kuma hukumar FDA ta Amurka ta amince da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su TrueFidelity da AiCE.

Likitocin hoto ba su karɓa ido rufe ba, kuma suna da hujja. Wasu sun koka cewa sabbin hotunan sun yi sumul kamar roba. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, idan aka rage hasken da yawa, ƙaramin tabo a hanta, wanda duhunsa kaɗan ya bambanta da naman da ke kewaye da shi, yana iya tafiya tare da hazon da aka share, hoton kuma ya fito tas.