Lissafin faɗin filasta

Lissafin faɗin filasta shi ne auna fuskar bango da ginshiƙi da za a shafe da siminti da yashi, ana fitar da sakamakon a murabba'in mita. Da wannan adadi ake sanin buhunan simintin da za a saya da kuɗin aikin birkila. A garuruwan kudancin jihar Katsina kamar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda damina ta fi ta arewacin jihar ƙarfi, filastar waje ita ke kare bulo daga ruwan sama, kamar yadda yaɓe da makuba ke kare ginin ƙasa.

Bango

Ana ninka tsawon bango da tsayinsa, sannan a cire ƙofofi da tagogi. Ɗaki mai mita 3.6 a kowane gefe da tsayin mita 3 yana da fuskar ciki ta murabba'in mita 43.2. Idan aka cire ƙofa mai 0.9 da 2.1 da taga mai 1.2 da 1.2, saura 39.87. Da kaurin milimita 12, kwaɓin da ake buƙata ya kusa rabin mita kubik, ban da abin da ke zubewa ƙasa.

Ginshiƙi

Ginshiƙi mai kusurwa huɗu ana ninka kewayensa da tsayinsa. Mai milimita 225 a kowane gefe da tsayin mita 3 yana ba da murabba'in mita 2.7 idan a tsaye yake shi kaɗai, kamar na baranda. Wanda ya nutse cikin bangon bulo mai inci tara ba a lissafa shi daban, domin fuskarsa ta riga ta shiga ta bangon.

A manhajar zane

Manhajar AutoCAD, wadda ta fito a 1982, layuka take zanawa, mai aiki ne ke auna su. Revit, wadda kamfanin Autodesk ya saya a 2002, da ArchiCAD ta ƙasar Hangari suna gina siffar gidan gaba ɗaya, su fitar da jadawalin adadi da kansu. Sai dai manhaja ba ta ƙirga abin da ba a zana ba. Adadin faɗin bango da Revit ke bayarwa na fuska ɗaya ne, alhali bangon da ya raba ɗaki biyu ciki da baya ake shafe shi. Saboda haka ake sanya filasta a matsayin shimfiɗa ta daban a jikin bango, ko a yi wa fuskokin ginshiƙi da ke bayyane alama, sannan a ciro jadawalin kayan aiki. Rashin yin haka kan sa siminti ya ƙare aiki bai kai rabi ba, ko a biya kuɗin fuska ɗaya sau biyu.

Ƙa'ida a Najeriya

Wannan aiki na masu ƙiyasin kuɗin gini ne. An kafa ƙungiyarsu, NIQS, a 1969, kuma ita ke fitar da littafin ƙa'idar awo mai suna BESMM. Ana koyar da fannin a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A ƙananan gine-gine kuwa, mai gida da birkila sukan yi jinga ne ɗaki ɗaki, kuma awon murabba'in mita shi ke raba gardama idan ɗakunan ba girma ɗaya ba ne.