Ciwon Daji da Nas ɗin Ƙauye: Darasin da Tarihi Ya Tsallake

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Tarihi za mu taɓa yau, amma bari in fara da gida. Shekarun baya wata gwaggona a nan Kurugu ta ji ƙullutu a mamanta. Ta je wani ƙaramin asibiti, malamar da ke aiki a wurin ta ce maruru ne, ta ba ta kafso. Da ya fashe aka koma wanki da ɗauri, wata da watanni. Ranar da muka kai ta Shika, tambayar farko da likita ya yi mana ita ce, "Ina kuka tsaya?" Allah ya jiƙanta. Na daɗe ina jin haushin malamar nan, wallahi. Sai da na fara bibiyar yadda aka gina aikin jinya a Arewa na gane cewa abin da aka koya mata shi ta yi.

A zamanin Turawa da En'e, abin da ke firgita hukuma shi ne cutar da ke kwasar mutane gari guda: agana, sanƙarau, kuturta, ciwon barci. A kan su aka kafa kusan komai. Makarantar koyon tsafta ta Kano da aka buɗe a 1932 duba-gari take yayewa. Asibitin Yadakunya na kutare ne. Aikin Anchau da Takalafiya a ƙasar Zazzau na yaƙi da ƙudan tsando ne. An kafa majalisar kula da aikin jinya ta ƙasa a 1947, aka haɗe ta da ta ungozoma a 1979. Nas ɗin da wannan tsari ya haifa gwana ce wajen allura, wankin ciwo, karɓar haihuwa da rigakafi. Kuma a yi adalci, ta yi aiki: agana da ta makantar da kakanninmu, zuwa 1980 duniya ta tabbatar babu ita.

To ciwon daji fa? Kada wani ya ce muku baƙo ne ko cutar masu kuɗi. Tun 1958 wani likita, Denis Burkitt, ya bayyana wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara a Uganda, irin wadda ake gani a nan ma. A 1960 aka fara rajistar masu ciwon daji a Ibadan, kuma a can Victor Ngu ya yi suna wajen yi wa yaran nan magani. Sai dai yaƙin ya bi hanyar manyan asibitoci da na'urori. Injin gashi a Shika, wani a Sakkwato, daga baya ga cibiyar da aka gina a Giginyu cikin Kano. Duk muna so, muna ma neman ƙari. Amma inji ba ya zuwa Kurugu. Wanda ya fara ganin ƙullutun shi ne nas ko malamin asibitin sha-ka-tafi, kuma shi ne aka fi bari a baya. A makaranta ana taɓa ciwon daji a gurguje. Mai son ƙwarewa sai ya nemi gurbi a wuri irin makarantar Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, in ya gama kuma da wuya ka sake ganinsa a ƙauye.

Ƙiyasin hukumar lafiya ta duniya ya nuna sama da mutum 120,000 ke kamuwa duk shekara a Najeriya, kusan 80,000 suna rasuwa. Sankarar mama da ta bakin mahaifa ne kan gaba a mata. Ga kuma tsohuwar maganar nan tamu cewa daji ba ya son ƙarfe, in aka yi masa allura sai ya fusata. Farfesa daga birni ba zai kwance wannan a zuciyar tsohuwa ba. Nas ɗin da ta karɓi haihuwar jikokinta kuwa, ita za ta iya.

Akwai ƙasar da ta gwada. Wata likita, Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a kudancin Najeriya, ta kafa Hospice Africa a Uganda a 1993 don kula da masu ciwon da ya yi nisa. Likitoci sun yi kaɗan, sai suka koma horar da nas-nas. A 2004 dokar ƙasar ta yarda nas da ta samu horo na musamman ta rubuta ruwan mofin na sha, wato maganin zafin ciwo mai tsanani. Duk wanda ya taɓa kwana yana jin kukan mai sankara ta bayan katanga ya san nauyin wannan.

Mu ma mun ga alama. A Oktoban 2023 aka fara rigakafin HPV, ƙwayar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma Kano na cikin jihohin farko. Su wa suka yi allurar? Ma'aikatan nan dai na karkara. An koya musu, sun iya.

Don haka abin da nake nema wa asibitocin Karaye da Rogo ba gagarumi ba ne. Horo na 'yan makonni, a maimaita shi. Nas ta san cewa ƙullutu marar zafi ya fi mai zafi abin tsoro, kuma jinin da ya dawo wa mace bayan ta daina al'ada ba na kafso ba ne. Ta iya duba bakin mahaifa da ruwan binega, gwaji mai arha da ba ya buƙatar wutar lantarki. Ta san wa za ta kira a asibitin Malam Aminu Kano ko Shika, ta rubuta takardar tura maras lafiya da za a karanta a gane. In an dawo da shi gida bayan kemo yana zazzaɓi, ta san na gaggawa ne, kada ta ɗauka maleriya ce kawai.

Gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar NICRAT don bincike da maganin ciwon daji, jiha kuma tana da kwalejojin jinya. Duk ɗan siyasar da ya zo Kurugu neman ƙuri'a, ni dai tambayata gare shi ita ce: nas nawa ne a ƙaramar hukumar nan aka tura wannan horon, kuma a wane asibiti suke yanzu?