Daga Gizago zuwa Soket: Yadda Lantarki Ya Shiga Zauren Kafinta

Ƙofar Na'isa na cikin ƙofofin da ake dangantawa da faɗaɗa ganuwar Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Shekaru aru-aru, ta irin waɗannan ƙofofi ake shigo da itace birni a kan jakuna: azarar giginya domin rufin soro, da gungumen da masassaƙa ke mayarwa turmi, akushi, allo da ƙotar fartanya. Kayan aikin masassaƙi gatari ne da gizago, kuma haɗarinsu a fili yake. Wanda ya yi sakaci da kaifi, nan take zai ga jini.

Zuwan Turawa a 1903 da isowar jirgin ƙasa a 1911 suka buɗe hanya ga katakon kudu, da zarto, da ƙusar kanti, da sabuwar sana'a wadda sunanta ma aro ne: kafinta. Sai dai wurin aiki bai sauya ba. A cikin birni, zaure shi ne shagon mai sana'a, ko maɗinki ne ko baduku, don haka kafinta ma ya kafa bencinsa a ƙofar gida.

Legas ta samu lantarki tun 1896. Kano kuwa sai a farkon shekarun 1930, lokacin Sarki Abdullahi Bayero, sa'ad da En'e ta yi aikin ruwan famfo da wuta daga Challawa. Daga nan ragamar ta yi ta sauya hannu: ECN a 1951, NEPA a 1972, PHCN a 2005, sai KEDCO a 2013. A duk tsawon wannan lokaci, wayar da ake ja wa gidajen cikin birni an auna ta ne da bukatar ƙwan fitila, rediyo da fanka. Da injin yanka katako da na gogewa suka yi araha, a wannan wayar aka jona su.

Lissafin mai sauƙi ne. Nijeriya ta gaji tsarin Ingila: ƙarfin wuta bolt 230, da filogi mai ƙafa uku wanda fis ɗinsa bai wuce amfiya 13 ba. Ke nan iyakar abin da filogi ɗaya zai ɗauka wat 3,000 ne ko ƙasa kaɗan. Injin zarto mai wat 1,800 da na gogewa mai 1,200, idan aka haɗa su a doguwar waya ɗaya, sun cinye wannan iyaka, ga shi kuma inji kan zuƙi wuta ninki-ninki a daƙiƙar da yake tashi. Fis ya tsinke, sai a ɗaure gurbinsa da zaren tagulla, aiki ya ci gaba. Daga ranar, siririyar wayar ce ke ɗaukar zafin, tana kwance cikin garin katakon da hunturu ya busar.

Ko fis ɗin na nan lafiya, waya yake karewa daga ƙonewa, ba ya kare mutum. Abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba na iya hargitsa bugun zuciya idan ya ratsa ƙirji. Shi ya sa a 1961 Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya ya ƙera na'urar da ke katse wuta da zarar ta fara zurarewa ta wata hanya. Irin wadda ake sa wa gidaje a yau tana yankewa a miliamfiya 30. Ƙafa ta uku ta filogi ma aikinta ke nan: ta kai wutar da ta taɓa jikin inji zuwa ƙasa kafin ta bi ta hannun mai aiki. Wanda ya cusa tsirarar waya biyu a soket da tsinken ashana ya zubar da wannan kariya, kuma a damina, da danshin bango da daɓe, jikinsa ne hanya mafi kusa. A rani kuma ƙasar Kano kan bushe ƙayau, don haka sandar da aka binne sama-sama ba ta aikin kirki sai an kai ta inda laima take.

Janareta ya ƙara wani haɗarin. Idan aka jona shi da wayar gida ba tare da makunnin sauya layi ba, wutarsa na iya komawa kan turke ta kama ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton an ɗauke.

A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa aka sake gina ta da faɗi, saboda zirga-zirgar motoci ta fi ƙarfinta. Wayar zaurukan da ke bayanta ma nauyi ya fi ƙarfinta. Abin da zauren kafinta ke bukata shi ne layi na kansa daga allon rarraba wuta, da waya mai kauri, da na'urar katse zurara, da wayar ƙasa da aka gwada, kuma mai lasisin hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ya yi aikin. Kuɗinsa ya fi na doguwar wayar kasuwa, amma a unguwar da gidaje ke bango ɗaya, lungu kuma ba ya ɗaukar motar kashe gobara, maƙwabta ma suna da haƙƙi a kan wannan waya.