Amsar Takardunku: Wane Filin Jirgin Sama Ya Fi Shan Wuya A Shekarun Korona?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa a Jega, ya aiko da takarda yana tambaya: wai mu kaɗai aka rufe wa ƙofa lokacin annobar korona, ko sauran manyan filayen jiragen sama na duniya ma sun ɗanɗana? Ya ce a shekarar, in ya je sari Kantin Kwari, amsa ɗaya yake ji: babu hanya.

To Alhaji, mun gode da takarda. Kowa ya taɓu, amma ba daidai ba.

Bari mu fara da gida. Ranar 21 ga Maris 2020 gwamnatin tarayya ta hana jiragen ƙasashen waje sauka a Kano, Inugu da Fatakwal. Bayan kwana biyu Legas da Abuja suka biyo baya. Wajen buɗewa ne aka rabu. An buɗe Legas da Abuja ranar 5 ga Satumba 2020, amma filin Malam Aminu Kano sai 5 ga Afrilu 2021. Ka ƙirga da yatsunka, wata bakwai cur. Dalilin da aka bayar shi ne sai an kammala tanadin gwada masu shigowa. Ni dai a ganina jiran ya yi yawa. Kano fa ita ce garin da jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, tun 1925, amma sai ga ɗan kasuwarta yana bin hanyar Abuja ko Legas kafin ya tashi, ya kuma dawo ta can. Kuɗin motar nan da na masauki ba a aljihunsa suka tsaya ba. A kan kaya ya ɗora su, ku kuka biya a Kwari, ku ma kuka ɗora wa manomin Maiyama da ya zo sayen yadin salla.

Sai inda 'yan kasuwarmu ke zuwa. Dubai ba ta da fasinjan cikin gida, da baƙi take ci. A 2019 mutum miliyan 86 da 'yan kai suka bi ta filinta, a 2020 suka koma miliyan 26 ba kaɗan. Shi ya sa ba ta iya dogon jira ba: ranar 7 ga Yuli 2020 ta sake karɓar baƙi, bisa sharaɗin gwaji.

Gwanzu ta ƙasar Sin labarinta ya fi ban mamaki. A 2020 ita ta zo ta ɗaya a duniya wajen yawan fasinja, kusan miliyan 44, ta ture Atlanta ta Amurka wadda ta riƙe kambun fiye da shekara ashirin. Amma kada lissafin ya ruɗe ka, Alhaji. 'Yan ƙasar ne ke kai-komo a cikin ƙasarsu. Tun ƙarshen Maris 2020 Sin ta hana yawancin baƙi shiga, kuma ba ta daina killace masu shigowa ba sai Janairu 2023. Filin cike yake, amma ɗan Kwari ba shi da ƙofa. Sai aike ta waya, ka biya kuɗi ba ka taɓa kaya da hannunka ba.

Wadda ta burge ni ita ce Adis Ababa. Da fasinja suka ɗauke, kamfanin jirgin Habasha ya cire kujerun wasu jiragensa ya koma dakon kaya, har da magunguna da kayan asibiti zuwa ƙasashen Afirka. Kamar direban da ya ga tasha ba kowa, ya juya ya tafi Aliero lodin albasa.

Jidda kuwa ka san zancen. A 2019 alhazai kusan miliyan biyu da rabi ne. A 2020 da 2021 mazauna Saudiyya kaɗai aka bari, sai 2022 maniyyatanmu suka sake tashi.

Akwai wani gyara kaɗan a takardarka, inda ka haɗa rufe iyakar Kamba da korona. Wannan ya riga annobar. Tun Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da sauransu, korona ta zo ta tarar da su a rufe. An buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, Kamba kuwa sai Afrilu 2022, shekara guda bayan jiragen waje sun koma sauka a Kano.