Hajjin Dogo: Daga Sabo Zuwa Bakin Bahar Maliya

Kafin jirgin sama ya yawaita, maniyyaci daga nan Sabo sau da yawa da iyalinsa yake tashi, don tafiyar ta shekaru ce, mace kuma sai da muharrami. Dogo ya iso Badun a 1901, ya haɗa Ikko da Kano a 1912. Miji da mata sai su hau jirgin ƙasa, su sauka Kano.

To, daga nan fa ake yin ta, don babu dogo a Chadi. Sai lori, ko jaki, ko ƙafa, ta Maiduguri, Injamena, Abeshe, Janaina, har Al-Ubayyid, inda jirgin Sudan ke kwasarsu zuwa Khartum da Bur Sudan. Sai a 1959 dogon Sudan ya kai Nyala, namu ya kai Maiduguri a 1964.

A wannan tazarar guzuri ke ƙarewa. Maigida ya shiga ƙwadagon auduga a Jazira, uwargida ta kama sana'ar abinci. Wasu suka tara kuɗi suka ƙetara Jidda. Wasu haihuwa ta riƙe su, suka kafa zango irin namu. Jikokinsu na can har yau, suna Hausa.