Homon na tsirrai: tarihin gano yadda shuka ke aika wa kanta saƙo

Homon na tsirrai sinadarai ne da shuka ke haɗawa a wani sashe na jikinta, su yi tafiya zuwa wani sashe, su sa shi ya tsawaita, ko ya lanƙwasa, ko ya fid da reshe, ko ya zubar da ganye, ko ɗan itace ya nuna. Shuka ba ta da ƙwaƙwalwa, da waɗannan sinadarai ne saiwa ke sanar da ganye cewa ƙasa ta bushe, kan tsiro kuma ya hana rassan da ke ƙasa da shi tasowa. Ɗan mitsitsi ya isa ya yi aiki, shi ya sa aka daɗe ana ganin tasirinsu kafin a kama su a hannu.

Manoma da ƴan kasuwa sun riga masana sanin aikin. Mai lambu a bakin kogi a Yamai yakan datse kan zogale don ya yi rassa. Mai sayar da ayaba a Maourey, ɗaya daga tsofaffin unguwannin tsakiyar birnin, takan haɗa ɗanya da nunanniya cikin kwali ɗaya ta rufe da buhu, kafin kwana kaɗan duka sun yi ruwan ɗorawa. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne dalili.

Bincike ya fara ne da tambayar me ke sa tsiro ya karkata wajen haske. A 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis, a Ingila, suka wallafa gwaje-gwajen da suka yi a kan ƙananan tsiron wata ciyawa. In suka rufe kan tsiron da ƴar hula da haske ba ya ratsawa, sai ya tsaya cak. In suka rufe gindin suka bar kan a buɗe, sai ya lanƙwasa kamar kullum. Suka ce ke nan kan ne ke ganin haske, akwai kuma wani abu da ke sauka daga can zuwa inda lanƙwasar take faruwa. Bayan shekara talatin, Peter Boysen-Jensen na Denmak ya nuna cewa abin yana ratsa jelatin amma ba ya ratsa siririn dutse, wato sinadari ne. A 1926 wani ɗalibi a Utrecht ta ƙasar Holan, Frits Went, ya yanke kawunan tsiron ots ya ɗora su bisa ƴan gutsattsarin jeli har suka tsotse abin da ke fita. Da ya ɗora gutsure ɗaya a gefen tsiron da ba shi da kai, sai tsiron ya lanƙwasa a cikin duhu. An sa wa sinadarin suna oksin, a 1934 kuma Fritz Kögl da abokan aikinsa suka tace shi, ba daga shuka ba, daga fitsarin ɗan Adam.

A daidai wannan lokaci Kenneth Thimann da Folke Skoog suka nuna cewa oksin da ke saukowa daga kan tsiro shi ke danne idanun rassan gefe. Wannan ne sirrin datse zogale. Shi ne kuma ya sa kututturen da aka sare ke fid da toho barkatai, abin da manoman jihar Maraɗi suka mayar da dabara tun 1983, lokacin da Tony Rinaudo ya fara yaɗa sassaben zamani: a zaɓi toho ƙwarara ƴan kaɗan a bari, a sassabe sauran, har kututture ya koma itace.

Sauran homon sun biyo ta hanyoyi dabam-dabam. A 1901 Dimitry Neljubow, a Rasha, ya gano cewa iskar fitilun gas ce ke sa tsiron wani nau'in wake kwanciya a ɗakin bincikensa, abin da ke aikin a cikinta kuwa etilin ne. A 1934 Richard Gane ya tabbatar cewa tuffa mai nuna da kanta take fitar da shi. Ayabar da ta nuna cikin kwali tana hura wa maƙwabtanta etilin ke nan. Kabaid ɗin masu walda da wasu ke cusawa cikin mangwaro yana fitar da asitilin, mai kwaikwayon etilin. Ɓawon ya yi kyau, cikin ya zauna da tsami, ga kuma dattin guba da ke tattare da kabaid, dalilin da ya sa ƙasashe da yawa suka hana. Jibaralin ya fito ne daga wata cutar shinkafa da ke sa tsiro ya yi tsawon banza ya faɗi: Eiichi Kurosawa ya gano a 1926 cewa fangas ne ke zubo sinadarin, Teijiro Yabuta ya raɗa masa suna a 1935. Gajeriyar shinkafar nan IR8 ta 1966, da ta ciyar da Asiya, tana da nakasa ce wajen haɗa jibaralin, ko da yake masu kiwon irin ba su san haka ba a lokacin. Saitokinin, mai sa ƙwayoyin jiki rabuwa, an same shi a 1955, asid absisik kuma a farkon shekarun 1960. Wannan na ƙarshe shi ke rufe ƙananan ƙofofin ganye idan fari ya matsa.

Homon ɗin da ya fi shafar manomin Sahel shi ne na baya-baya wajen samun karɓuwa, kuma ta hanyar abokin gaba aka san shi. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ciyawa ce mai kyakkyawan fure ja-ja da ke manne wa saiwar gero, dawa da masara tana shan ruwansu da abincinsu. Wani nau'insa kuma wake yake kamawa. Tushe ɗaya kan zubar da iri dubbai, ƙanana kamar ƙura, su kwanta a ƙasa fiye da shekara goma. Irin ba shi da guzurin da zai kai shi nesa, in ya tsiro bai sami saiwar da zai kama cikin ƴan kwanaki ba, ya mutu. Don haka ba ya motsi sai ya ji ƙanshin mai masaukinsa. Kafin manomi ya ga furen a gona, ɓarnar ta riga ta auku a ƙarƙashin ƙasa: gero ya tsumbure, ganye ya ƙone, ko da damina ta yi kyau.

Neman wannan ƙanshi ya ƙara ƙarfi bayan wani nau'in ƙuduji ya ɓulla a gonakin masarar Karolina ta Amurka a shekarun 1950. A 1966 C. E. Cook da abokan aikinsa suka tace sinadarin daga ruwan saiwar auduga, suka kira shi istirigol. Auduga tana tayar da irin ƙuduji amma ba ya iya kama ta, wannan ya bayyana amfanin juya shuka da ita. Amurkawa kuma suka riƙa ɗura etilin cikin ƙasa don irin ya tsiro babu abin kamawa ya mutu, da haka da wasu matakai suka kusa kawar da shi.

Tambaya ɗaya ta rage kusan shekara arba'in: me zai sa shuka ta riƙa fitar da abin da ke kiran mai kashe ta? A 2005 Kohki Akiyama da abokansa a Japan suka nuna cewa saƙon ba don ƙuduji aka yi shi ba. Kira ne ga wasu fangas masu amfani da ke shiga saiwa, su kawo mata fosfaras daga ƙasa, ita kuma ta ba su sukari. Ƙuduji satar sauraro kawai yake yi. A 2008 ƙungiyoyi biyu, ɗaya ta yi aiki da wani nau'in wake, ɗaya da shinkafa, suka wallafa a mujallar Nature cewa waɗannan sinadarai, istirigolakton, suna hawa daga saiwa zuwa sama su hana fid da rassa. Daga nan aka lissafa su cikin homon.

Wannan ya warware abin da manoma suka daɗe suna faɗa, cewa ƙuduji ciwon gonar da ta gaji ne. Ƙasar rairayi ta Nijar tana da ƙarancin fosfaras. Gero mai yunwa yakan ƙara fitar da istirigolakton, ya rage ƴaƴan da yake yi a gindi, ya tsananta kiran fangas, kiran kuma ya farkar da ƙuduji. Dabarar zuba ɗan taki kimanin cikin marfin kwalba a ramin shuka, wadda cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yi fice wajen gwadawa, tana ciyar da tsiro tun yana ƙarami, bincike kuma ya nuna cewa shukar da ta sami fosfaras tana rage wannan kira. Ta ɓangaren iri, Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da ke Jami'ar Purdue, ya sami Kyautar Abinci ta Duniya a 2009 saboda dawa mai jure fari da ƙuduji. A 2017 aka gano ƙwayar gadon da ke sa irin dawa SRN39 fitar da nau'in saƙon da ƙuduji ba ya amsawa sosai. An kuma gwada istirigolakton na haɗi a gonakin Burkina Faso, a fesa shi bayan ruwa ya jiƙa ƙasa, babu gero a wurin, irin ƙuduji ya tsiro ya mutu. Abin da ake fama da shi yanzu shi ne saurin lalacewar sinadarin cikin ƙasa mai zafi, da farashin da ƙaramin manomi zai iya biya.