Tsakanin Sani da Aiki da Shi: Ma'aikatan Laburare da Kafafen Sada Zumunta

Malaman da suka gabata sun sha nanata cewa ilimi ba ya cika sai an yi aiki da shi, kuma wannan ƙa'ida ce ke faɗo mini a rai duk sa'ad da aka tayar da mas'alar ma'aikatan laburare na ƙasashe masu tasowa da kafafen sada zumunta. Tun da wayar salula ta bazu a Najeriya daga 2001, aka kuma ƙirƙiro Facebook a 2004 da WhatsApp a 2009, da wuya ka iske ma'aikacin da bai naƙalci waɗannan kafafe ba, domin da su yake gaida dangi, da su yake isar da ta'aziyya. Amma da zarar ya zauna a kujerar aiki, sai ya ajiye wannan sani a bakin ƙofa, ya jira ɗalibi ya tako.

Uzurori suna nan, kuma ba na raina su: ƙarancin wutar lantarki, da tsadar data, da shugabannin da ba su rubuta wata doka da za ta ba ƙaramin ma'aikaci izinin magana da yawun hukumarsa ba. Akwai ma hujjar da ta fi waɗannan nauyi, wato kafafen nan gidan haya ne, kamar yadda aka gani lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Lalle wanda aka damƙa wa amanar rubuce-rubucen Ajami da Larabci irin na Gidan Arewa a Kaduna ba zai mai da shafin wani kamfani taskarsa ba.

Sai dai taska dabam, shela dabam. Masu karatu sun riga sun yi ƙaura zuwa waya, har marubutan ƙagaggun labarai na Hausa a WhatsApp suke sakin littattafansu shafi-shafi, kuma a can ne jita-jita da fatawoyi marasa madogara suke yawo ba mai tambayar asalinsu. Alhali kuwa sana'ar ma'aikacin laburare, in an yi tahƙiƙi, 'yar'uwar ta malaman hadisi ce: bin isnadi, da rarrabe ingantacce daga rarrauna. Shirunsa a dandalin da aka fi bukatar wannan fanni, a ganina, tauye amana ne.

Ina roƙon Ƙungiyar Laburare ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1962, da shugabannin manyan ɗakunan karatu irin na Kashim Ibrahim da ke Zariya, su rubuta wa ma'aikatansu izini bayyananne, su kuma ware musu kuɗin data a cikin kasafi.